Shekarar da Na Je Kiran Yayanku

Ranar Babbar Sallar da ta wuce ina kishingiɗe a zaure, kuna tsammanin barci nake, na ji Sani yana cewa, "Mutumin da ubansa ya tsallake teku ya je kiransa ya ƙi zuwa, shi ne za a ce yana da kaso a fadama?" Kuka yi dariya, har da ke Hauwa'u. To ku sani tsoho ba ya barcin rana, rufe ido kawai yake yi don ya ji abin da ake faɗi a gidansa. Tun ranar nake juya maganar nan a raina. Innarku ita kaɗai ce shaidata, ta kuwa riga mu gidan gaskiya, ni ma ga ƙafata a bakin hanya. Shi ya sa na ce bari in zauna in faɗi yadda aka yi, kada in tafi in bar ku da gaba a kan abin da bai faru ba.

Kun san ban taɓa kiran yayanku da sunansa ba. Ɗan fari ne, haka muka tarar, haka muka yi. Ba a kiran sunan ɗan fari, ba a yi masa wasa a gaban mutane, ba a yabonsa. In ina nemansa sai in ce "kai," in ina zancensa in ce "yaron nan," Innarku kuma ta fi ni, ko inda yake ba ta kallo in da baƙo. Ku 'yan baya kun hau kafaɗata kun ja mini gemu, shi kuwa bai samu wannan ba. Abin da ya samu shi ne aiki. Tun bai kai tsawon dokinmu ba shi ke kora shi a wajen matsar rake, nan bakin fadamarmu ta Gubuchi, lokacin ba a kawo injin mai ba. Doki yana zagaye da doguwar sanda, ƙarafan suna juyawa, ina cusa rake, ruwan yana zuba, Innarku da mata suna can wajen tukwane ana dafa mazarƙwaila. In ya gaji ba ya faɗi. Sai dai ka ji waƙar da yake yi wa dokin ta yi ƙasa.

Boko ta karɓe shi, ya tafi Zariya ya karanta harkar noma, daga can aka ba shi gurbin ƙarin karatu a Ostireliya. Ya auri Zulai 'yar Kudan, suka tafi tare. Da zai tafi ya durƙusa a zaure ya ce shekara biyu ko uku ne. Na ce Allah ya kiyaye hanya, ban ko raka shi tasha ba, don kada a ce. Shekara uku ta wuce, wasu suka bi bayanta. Ya gama karatu ya samu aiki a wani ƙaramin gari na manoman rake, yana duba musu cutar da ke kama gona. Mutanen Gubuchi suka sa masa suna likitan rake. Aike ba ya yankewa, waya ba ta yankewa, amma waya ba ta zama a tabarma ta ci tuwo da kai.

Shekarar da gwiwata ta fara ƙin zuwa fadama, ita ce shekarar da hawan jini ya kwantar da Innarku. Da ta ɗan farfaɗo sai ta koma wani hali: duk mashin ɗin da ya tsaya a ƙofar gida sai ta ajiye abin da ke hannunta ta kasa kunne. A shekarar ne yayanku ya aiko a yi mini takardun tafiya in je in gan su. Na ce ni da ko Legas ban sani ba? Ita ce ta tsare ni.

"Malam, ka je," in ji ta. "Wancan na can, in ba bakinka ya ji ba, ba zai taso ba. Kai uba ne. Ka ce masa ya dawo, ka zo mini da rana."

Na ce to. Ni ma abin da ke raina ke nan, ita ce dai ta riga ni faɗi.

Na tashi bayan an cire masara, kafin a ɗora tukunyar mazarƙwaila. Tafiyar ba zan ba ku labarinta ba, don ni kaina ban san inda dare ya tsaya rana ta fara ba, salloli suka cakuɗe mini, na yi ta ramuwa. Abin da ba na mantawa shi ne saukata. Baƙo ba ya zuwa hannu rabbana, don haka Innarku ta ɗaure mini kuka da daddawa da ƙullin mazarƙwaila, ni kuma na je fadama da kaina na saro gaɓoɓin rake masu ido, irin namu, na naɗe a tsumma. Dabarata ita ce ya dasa a bayan gidansa, kullum ya gani ya tuna. Yayanku ya riga ya ja mini kunne a waya cewa duk abin da na ɗauko in faɗa wa ma'aikatan filin jirginsu, na kuwa faɗa. Sai ga ma'aikaciya da kare, kare fes da shi kamar ɗan sarki, ya zo ya dasa hanci a jakata. Na ce a'uzu billahi, yau jakar da ke ɗauke da dardumata ce kare ke shinshina? Suka kwance komai cikin ladabi, suna ta murmushi, suka kira wani ya yi mana tafinta ta waya. Wai ba a shiga ƙasarsu da ɗanyen tsiro, kada ya kawo wa gonakinsu cuta. Suka ɗauke raken, suka haɗa da daddawar, da alama warinta bai yi musu ba. Mazarƙwaila kaɗai suka bar mini. Na tsaya ina kallon raken Gubuchi a cikin kwandon shararsu, na ji kamar in ce a mayar da ni gida.

Yayanku yana bakin ƙofa yana jirana. Ya yi furfura a gefen kai, abin da waya ba ta taɓa nuna mini sosai ba. A gaban Turawan nan duka ya zube ƙasa ya gaishe ni. Na so in kama shi in rungume, wallahi na so. Na ce, "Kai, tashi. Kun wuni lafiya?"

Garin nasu sunansa ya fi ƙarfin harshena, har na baro ban iya faɗinsa daidai ba. Bai kai Makarfi ba. Titi ɗaya ne babba, shaguna na fuskantar juna, rumfunan kwano a gabansu, daga nan sai rake. Ku da kuke taƙama da fadamarmu, da kun ga wannan da kun yi shiru. Rake ne iyakar ganinka har gindin duwatsu, kuma ba mutum a ciki. Na yi ta baza ido in ga masu sara, babu. Wata mota ce mai kama da gida take shiga gona, tana sara tana yayyankawa tana zubawa a wata motar, mutum ɗaya a sama yana shan iska. Wani ɗan jirgin ƙasa kuma yana ratsa gonakin yana kwashewa zuwa masana'antar sukari, wadda hayaƙinta ke tashi a ƙarshen gari. Ƙamshin dafaffen ruwan rake ya cika ko'ina. Wannan ƙamshin ne kaɗai ya gaishe ni da Hausa a garin. Na sa aka tsaya na karyo kara ɗaya na ɓare, na kai baki. Tauri kamar icce, na kusa barin haƙorina a ciki. Yayanku ya yi dariya ya ce nasu ba na sha ba ne, na inji ne. Na ce to Allah ya ba inji lafiya.

Sun ɗauke ni yawo sosai, don mutanen garin suna ji da 'yan abubuwansu. An kai ni kan wani tudu da aka yi wa matakala, inda ake hango gonaki har bakin teku. An kai ni bakin kogi, wuri mai kyau da kujeru da inuwa, sai ga allo da hoton kada baki buɗe, wai kada a matsa kusa da ruwa. Na ce wurin shaƙatawa ke nan, ina ga wurin tsoro? Da yamma na ga dabbar nan tasu mai tsalle da ƙafa biyu, kangaru, ɗanta na leƙe daga aljihun cikinta, suna kiwo a gefen rake ba mai jifansu. Ran Asabar aka kai ni kasuwarsu. Kowa ya rubuta kuɗin kayansa a takarda, ba tayi, ba albarka, ba ragi, ba gyara. Na ce wannan ai ba kasuwa ba ce, zaman makoki ne da kaya a gaba. Mutanen kirki ne, ba zan ci haƙƙinsu ba, kowa ya gan ka sai ya yi murmushi ya ɗaga hannu. Amma gaisuwarsu kafin ka buɗe baki ta ƙare. Ba mai tambayarka gida, ba mai tambayarka gajiya. Ba kiran salla, sai dai waya ta yi ƙara a aljihu. Kwana kaɗan na fara kewar har jakin maƙwabcinmu da ke hana ni barci.

Wadda ta riƙe ni a garin ita ce Ummi, 'yarsu, mai sunan Innarku. Lokacin ba ta fi shekara bakwai ba. Hausarta a karkace take, amma bakin nan ba ya hutawa. Ranar farko na ce mata, "Ke ce matar tawa? Wannan 'yar ƙashin? A mayar mini da sadakina." Ta riƙe ƙugu ta ce ita ma ba ta son miji mai sanda. Shi ke nan muka ƙulla. Ita ke kai ni masallacinsu, wato ɗakin baƙi, ita ke gyara mini zaman hula, ita ta cinye rabin mazarƙwailar da na kawo.

Tun a ranar farkon na ga idonta. Farin idon ba fari ba ne sosai, akwai ɗan rawaya a ciki. Na kuma lura Zulai ba ta barinta ta yi nisa ba gorar ruwa, in iska ta ɗan kaɗa ta bi ta da rigar sanyi, ga wasu ƙwayoyi da ake ba ta kowace safiya. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Sani, kai kana goye lokacin, Hauwa'u ba a haife ki ba, amma kun ji sunan Ladidi, wadda ke bin yayanku. Irin idonta ke nan. Amosanin jini, wanda yanzu kuke ce wa sikila. In ciwon ya tashi sai ta yi ta ihu tana cewa ana sara mata ƙashi, mu kuwa ba abin da muka sani sai jiƙo da addu'a. Ranar ƙarshe a motar rake muka ɗauke ta, ba mu kai Zariya ba. Yayanku ne ke riƙe da kanta a cinyarsa, yana ɗan shekara goma.

Wata safiya yayanku ya fita aiki, Ummi ta tafi makaranta, Zulai ta kawo mini shayi a baranda. Maimakon ta koma sai ta durƙusa.

Na ce, "Zulai, yarinyar nan, ciwon Ladidi ne ko?"

Ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan tabarma. "Shi ne, Baba. Ya hana a faɗa a gida saboda Inna. Ni kuma ina tsoron bakin mutane, kada a riƙa kallonta a matsayin mara lafiya tun ba ta girma ba."

"Yana tashi?"

"Yana tashi, amma ba kamar da ba. Asibitin garin nan sun san ta, ko da wane lokaci muka je an san abin da za a yi. Akwai babban likita da ke duba jininta a kan kari. Bara sau ɗaya ta kwanta." Ta share ido da bakin mayafi. "Baba, mun san abin da ya kawo ka. Ya ce in ka faɗa ba zai musa ba. Ni ma ba zan hana shi bin maganarka ba."

Ta tashi ta koma ciki. Shayin ya huce a gabana.

Ana jibi zan taso yayanku ya ce saura wuri ɗaya bai kai ni ba. Tsohuwar tashar jirgin ƙasa ce suka mayar gidan ajiye kayan tarihi. Wani dogon tsohon Bature ne ke riƙe da makulli, manomin rake ne shi ma, hannunsa kaushi kamar nawa. Da yayanku ya gaya masa sana'ata sai ya kama hannuna ya ƙi saki. Ya ce a faɗa mini 'ya'yansa uku duk suna birni, ba mai son gona, in ya mutu sayarwa za su yi. Ya ce ni na yi sa'a, nawa yana cikin rake. Na ce a faɗa masa yana cikin rake, amma ba nawa ba. Ya yi dariya, sannan ya daina.

Muka zaga. Tsofaffin addunan saran rake, fitilun ƙwai, garmar shanu, hotunan mutanen da suka sare dajin. Rabin abin da suka rataye a bango suna kallo, da shi muke aiki a Gubuchi har gobe. Ummi ta gaji ta fice waje wajen ciyawa. Sai yayanku ya ja ni wata rumfa a baya. Ina shiga na tsaya cik. Injin matsar rake ne na doki, ƙarafa uku a tsaye, da doguwar sandarsa, irin namu sak, wanda yanzu ke jingine a bayan rumbu kaji na kwana a kai. An shafe shi da baƙin fenti, an kewaye shi da igiya kada a taɓa.

Ya miƙa hannu ta saman igiyar ya dafa sandar, daidai inda ake ɗaura doki.

"Nakan zo nan, Baba," in ji shi. "In abin ya dame ni. Mai makullin ya saba, buɗe mini kawai yake yi ya tafi."

Ban taɓa jin ya faɗi abin da ke damunsa ba sai ranar. Muka tsaya a gaban injin. Ta ƙofar rumfar ina hango Ummi tana bin wasu fararen tsuntsaye da gudu, gorar ruwanta na lilo a wuya, tana ihu da Turanci. Ladidi ba ta taɓa gudu irin wannan ba.

Ya juyo ya durƙusa a kan simintin, bai kalle ni ba. "Baba, na san Inna ce ta turo ka, na san kuma gwiwarka. Ni ma na gaji da nan. In ka ce in dawo, kafin a ɗaure injin raken bana ina gida."

Ku ji ni da kyau a nan, don wannan ne dalilin rubutun duka. Bai ƙi ba. Roƙona ma yake in faɗa. Maganar tana bakina, na ɗauko ta tun daga Gubuchi, ita kaɗai ce kayan da kare bai shinshino ba. Na san kuma in na furta zai taso, ya kwaso matarsa da 'yarsa, don bai taɓa tsallake maganata ba. Sai in samu ɗa a fadama, Innarku ta samu na kallo. Wata rana kuma cikin damina, hanya ta yanke, ciwo ya tashi, ya sake riƙe kan wata yarinyar a cinyarsa a bayan mota. Na kuma san in na ce masa zauna saboda Ummi, zai ce Allah ke rayawa, ya biyo ni duk da haka. Sai na ɗaure fuska irin yadda ya san ni.

Na ce, "Wa ya ce maka kiranka na zo yi? Ni matata na zo gani. Gona kuma ba ta rasa hannu ba, ƙannenka sun isa. Kai dai riƙe aikinka, kada ka ba mu kunya."

Na ga maganar ta shige shi. Yana nan a durƙushe ya ce, "To, Baba." Ya tashi ya kakkaɓe gwiwa. Ɗan da ya yi shekaru yana jira ubansa ya ce ina bukatarka, ya ji uban ya ce ba a bukatarsa. Na san abin da na yi masa, da gangan na yi, kuma ko yau aka mayar da ni rumfar nan haka zan sake faɗa. Amma ban ƙara cin abinci da daɗi ba a garin.

Ranar tafiya a filin jirgi Ummi ta riƙe mini riga. "Kaka, me ya sa ba ka kiran Abbana da sunansa? Ka manta ne?" Na ce ban manta ba, sunan ne ya yi mini nauyi. Ta ce in gwada, za ta taya ni. Yana tsaye yana jinmu, ya kau da kai yana duba allon jirage. Na ce mata sai wani zuwan.

Da na iso gida an cika zaure ana yi mini barka da zuwa, kowa na tambaya yaushe likitan rake zai dawo. Na ce Allah bai yi ba tukuna. Daga wannan kalmar kuka gina abin da kuka gina, ni kuma na bar ku, don Zulai na tsoron bakin mutane a kan Ummi, kuma ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba. Innarku kaɗai na faɗa wa, bayan an watse. Tana zaune a bakin gado ta saurare ni har ƙarshe.

"Idon irin na Ladidi?" ta ce.

Na ce irinsa.

"Kuma tana gudu?"

Na ce har tsuntsaye take kora.

Ta gyaɗa kai. Sannan ta ce, "Ka yi daidai, Malam." Ta juya ta fuskanci bango, na fita na ba ta wuri. Daga ranar ba ta ƙara ajiye aiki don ƙarar mashin ba. Shekara biyu bayan nan ta rasu, yayanku ya taso amma bai samu jana'iza ba, kun ga yadda kuka karɓe shi, ya yi kwanakinsa ya koma bai ce muku uffan ba. Har yau bai san Innarku ta sani ba, bai kuma san dalilin da na haɗiye abin da na je da shi a bakina ba. Zai karanta a nan tare da ku.

Ummi yanzu ta zama budurwa, tana jami'a. Da azumin bana na tambaye ta a waya ko in faɗa, ta ce, "Kaka, faɗa mana, ni ba na ɓoye jinina." Don haka na faɗa. Kasonsa na fadama yana nan, daga bakin rijiya zuwa tsamiya, inda dokin ke zagaye a da. Ko ya zo ya noma ko bai zo ba, ba mai taɓa shi.

Saura abu ɗaya, na yi wa matata Ummi alkawarin wani zuwan, ga shi gwiwa ta ce ba inda za ni. In an ɗora tukunya ƙamshin ya shigo zaure, nakan rufe ido ku ce barci nake, alhali ina can rumfar nan ta bayan tasha, yana durƙushe a gabana. Abin da ya kamata ya ji ranar bai ji ba, to ga shi. Gona ta rasa hannunka, ni ma na rasa. Ba ranar da ban nemi ganinka a bakin fadama ba, Yusufu.